Yadda Gidan Rogo Ya Bar Hannuna

Ran sunan 'yar ɗana Habibu ina zaune a zaure na ji da kunnena ɗaya daga cikin 'ya'yan Yaya Sale yana gaya wa wani baƙo cewa babban gidan nan na bakin kasuwar Rogo da namu ne, sai Baffa ya kai shi cacar Turawa aka cinye. Baffan nan ni ne. Kuna wurin, ku 'ya'yana, kuna raba goro, ba wanda ya ɗaga kai ya musa. Ban ga laifinku ba, abin da kuka taso kuna ji ke nan, kuma ni na bar shi ya yi ta yawo. Amma yanzu Yaya ya rasu, Inna ta rasu, uwarku ma Allah ya karɓi abarsa, saura ni kaɗai a dangi na san yadda aka yi. In na tafi da shi, jikokina za su gaji kaka ɗan caca, ni kuwa ko dara ban iya ba.

Na bar Ƙaraye ina saurayi tare da fataken goro. Na zauna Kumasi, na zauna Ikko, daga baya na bi ta garin Fallomi na shiga Sudan, na daɗe a Umdurman kafin Allah ya kai ni Makka. A hanya na tsinci Yarbanci da Turanci da Larabci, da ɗan abin da zan sayi abinci da shi a harshen Asante. Duk inda na sauka kuwa ɗan haya ne ni, saboda haka na san gidan haya tun daga ɓangaren mai kwana a ciki. A Ikko na zauna gidan wata dattijuwa mai bene, matakalarsa ta katako. Wata rana matakalar ta karye da wani ɗan haya yana ɗauke da kaya, ya faɗo bayansa ya taɓu. Aka kai ta kotu, kafin shekara ta zagayo gidan da ta gina da tallan kifi ya zama na wani. A layin nan dai akwai wani Kwara, Balarabe mai kantin yadi, da katangarsa ta faɗo wa mai wucewa. Shi ko kotu bai taka ba. Wani kamfani ya zo ya biya magani, ya biya diyya, Kwara na zaune a kantinsa yana auna yadi. Na tambaya, aka ce mini inshora ce: kana ba kamfani wani ɗan abu duk shekara, in gidanka ya ji wa wani ciwo su ne za su tsaya. A Umdurman na ga attajirai suna da akwatin da kowa ke zubawa saboda irin wannan rana. A Kumasi masu gidajen zango kan haɗu su rufa wa wanda abin ya faɗa wa asiri. Ko'ina dai na ga mutane sun yarda bango yakan faɗi, sun yi masa shiri. Sai a garinmu.

Na dawo gida a shekarun da gyaɗa ta yi daraja, kafin mulkin kai, lokacin da motoci suka fara shigowa har Rogo ɗaukar buhuna. Baƙi suka cika ƙasar: masu awon gyaɗa, teloli, masu gyaran keke, ƙananan ma'aikata da aka turo daga Kano. A lokacin ba a san haya ba a wajenmu. Baƙo ya zo, a ba shi aron ɗaki, in ya ga dama ya kawo wa maigida goro ran Juma'a. Da na gina gida a Unguwar Hajji na ce na haya ne, har gida aka biyo ni a yi mini nasiha, wai ɗan mutunci ba ya sayar da inuwa. Baƙin kuwa sun fi son haka, don wanda ya biya ba ya kwana da nauyin kowa. Kafin a jima na ƙara wani, na kuma ƙarawa, sannan na sayi wani tsohon gida a bakin kasuwar Rogo na gyara shi, na fitar masa da shaguna ta waje. Shi ne ya fi duka kawo amfani, shi na yi niyyar ya zama naku. Da yake ni ina Ƙaraye, kuma tafiya ba ta sake ni ba, sai na damƙa kula da shi a hannun Yaya Sale, wanda ke noma a Jajaye, kusa da wurin.

Mai gida ɗaya yana ganin bangonsa kullum. Da gidajen suka yi yawa sai na lura akwai sorayen da ban hau ba tun damina ta wuce, akwai azarar da gara ke ci ban sani ba, ga mutanen da ba dangina ba suna kwana a ƙarƙashinsu da yaransu. A tsakar gidan Rogo kuma akwai wata tsohuwar rijiya gindin ceɗiya, mai zurfi, ba ta da ɗaurin baki, ruwanta ya ja ƙasa. Duk lokacin da na tuna da ita sai dattijuwar Ikko ta faɗo mini a rai. Na shiga Kano na nemi ofishin wani kamfani da ke wannan harka. Suka ce ba su taɓa karɓar gida a ƙauye ba, amma za su turo mutum ya duba, in ya gamsu a yi magana. Na dawo na tara gida a ɗakin Inna don in sanar da su, ga Yaya, ga Baffa Iro ƙanin mahaifinmu, uwarku na bakin ƙofa.

Ban kai ƙarshen bayani ba Yaya ya tare ni.

"Tsaya, Ɗanlami. Ka ba su kuɗi bana, bango bai faɗi ba. Sai su dawo maka da abinka?"

"A'a, Yaya."

"Baɗi ma haka?"

"Haka."

"To in ya faɗi su ba ka abin da ya fi wanda ka zuba. Wannan in ba caca ba mene ne? Ka je har ɗakin Allah ka dawo mana da caca da karta."

Baffa Iro ya gyara zama, ya ce: "Kai yaro, mu mun mutu ne? Tun kakanni, in abu ya sami mutum danginsa ke ɗauka. Ga mu nan cike da gari kamar tururuwa, ka tafi neman Nasara ya zame maka dangi?"

Na ce: "Baffa, lokacin da katangar Malam Buba ta kashe jakin maƙwabcinsa, me dangi suka kawo?"

"Mun je jaje."

Uwarku ta yi dariya daga bakin ƙofa, Inna ta harare ta. Inna ba ta kiran sunan Yaya, don shi ne ɗanta na fari, sai ta ce da ni: "Ka dai bi yayanka a hankali. Ya fi ka sanin garin nan, kai baƙo ne."

Ban rubuta wannan don in yi fatawa ba. Na tambayi malamai a ƙasashe dabam-dabam, na ji masu hanawa, na ji masu sassautawa, kowa da hujjarsa, ku ma ku tambayi naku. Abin da ya dame ni a ranar shi ne ba wanda ya kawo wata hanyar. Ba akwatin Umdurman, ba haɗin kan Kumasi, sai Allah ya kiyaye. Na ce amin, amma mutum zai zo. Na juya wajen Yaya na yi masa bayani dalla-dalla, har sau nawa: wannan mutumin ba na gwamnati ba ne, ba ya cin tara, ba ya rubuta haraji. Aikinsa ya ga duk abin da ke iya cutar da mutum, ya gaya mana gyaran da za mu yi. Abin da aka nuna masa shi kamfani zai tsaya wa, abin da bai gani ba babu ruwansu. Na ambaci rijiyar da bakina, na ce ita nake so ya fara gani.

Yaya ya ce: "Na ji."

Ya kuwa ji. Bai yarda ba ne kawai. Dole ku san irin zamanin da ya tashi a ciki. Tun yana yaro, duk mai wando da fensir da ya shigo gari, ɓoye masa abu ake yi. Mai ƙirgar shanu ya zo, a kora rabin garke cikin daji wajen Falgore. Mai rubuta haraji ya zo, samari su hau rumbu. Duba-gari ya zo, a kife tukwane, a rufe rami, a tura mai ƙyanda bayan ɗaki. Mutanen kirki ne ke yin haka, ba ɓarayi ba, kuma wanda ya fi iya ɓoyo shi ake kira mai hankali. A wurin Yaya, a ce wai ga mai fensir da ake nuna wa aibin gida don ya taimaka, wannan irin zancen da ake yaudarar wanda ya daɗe a waje ne. Ya kudurta a ransa zai ceci ƙaninsa daga wautarsa.

Wanda aka turo sunansa Lasisi, Bayarabe mutumin Ilori, Musulmi, ya yi karatu a Ikko. Siriri ne mai fara'a, da babur ɗinsa da igiyar awo a aljihu. Da ya ji Yarbanci a bakina sai ya saki jiki kamar ya ga ɗan garinsu. Ya sauka a gidana, uwarku ta yanka masa kaji, ta dama fura da nono mai kyau. Ya zaga gidajen Ƙaraye yana ƙwanƙwasa bango, yana leƙa azara, bai ce komai ba sai murmushi. Kashegari da hantsi ya goya ni a babur muka nufi Rogo, ranar kasuwa ce.

Muna tsayawa a ƙofar gidan dattawan unguwa suka taso mini, don na kwana biyu ban zo ba. Kun san gaisuwarmu. Ina gajiya, ina iyali, ina Inna, yaya ƙafarta, ina labarin Kano, an ce ka je, yaya ka baro su. Ka gama da wannan, wancan ya kama hannunka ya faro daga farko. A Ikko da na ɗaga hannu na wuce, amma a Rogo wanda ya yanke gaisuwar dattijo ya bar wa 'ya'yansa abin faɗa. Ina tsaye ana lafiya lau, lafiya lau, Yaya ya ja Lasisi suka shige ciki. Can na jiyo muryar Yaya tana tashi:

"Akawu, zo ka ga wannan ɗakin! Akawu, nan, nan, ta nan ya fi kyau! Bar wajen nan, rana!"

Na ce a raina, wace rana a gindin ceɗiya? Na zare hannuna na shiga. Abin da na gani har yau yana idona. Tsakar gida a share tas, an zuba sabon yashi, ko'ina sumul. Lasisi ya maƙala bakin igiyar awonsa a jikin katanga yana ja da baya, yana kallon lambobi. Yaya na gefe yana yarfa hannu kamar mai korar kaji. Na duba gindin ceɗiya, babu rijiya. Kafin bakina ya buɗe ƙasa ta buɗe. Na ji ƙarar kara yana kakkaryewa, ƙura ta tashi, sai hular Lasisi kaɗai a bakin rami.

Ashe tun jajibiri Yaya ya sa an jera kara a bakin rijiyar, an shimfiɗa zana, an bi da yashi an share. Ya gargaɗi 'yan haya kowa ya san inda zai taka. Mutum ɗaya ne a Rogo bai san da ramin ba, shi ne wanda aka kawo daga Kano don ya gan shi.

Aka kira masu haƙar rijiya daga kasuwa suka sauka da igiya. Allah ya taimaka akwai laka a ƙasa, da ransa aka fito da shi, amma cinyarsa ta karye, ƙugunsa ya goce. Tanko tela, wanda ke haya a shagon gaba, ya tsaya yana kallo da almakashi a hannu, ya ce:

"Alhaji, ka ce a nuna masa komai. To wallahi an nuna masa."

Ban yi dariya ba sai bayan shekaru. Aka kawo maɗori ya ɗaure ƙafar da kara, muka shimfiɗa shi a kan buhunan gyaɗa a bayan mota, na bi shi har asibitin Kano. Da na dawo na sami Yaya a zaure, ko alamar nadama babu a fuskarsa, sai jimami irin na wanda ƙaddara ta ɓata wa kyakkyawan aiki.

"Yaya, me na ce maka game da rijiyar nan?"

"Ka ce a nuna. Da na nuna da yanzu an ci mu tara. Ni na san mutanen nan."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ai tsautsayi ne. Wa ya ce ya yi tafiya da baya? Mutum da idonsa a gaba."

Na tashi na fita, don in na zauna zan faɗi abin da ba a faɗa wa wa.

Lasisi ya daɗe a kwance. Da ya tashi ƙafar ta gajarce, ba zai ƙara hawa babur ba, aikinsa kuwa na yawo ne. Ga mata, ga yara ƙanana a Sabon Gari. Kamfanin ya aiko cewa ba mu riga mun ƙulla komai da su ba, saboda haka alhakin yana kan mai gida, kuma suna so su san wanda ya rufe ramin, don a dokar Turawa wanda ya haƙa wa mutum tarko da gangan ba diyya kaɗai zai biya ba, gidan yari zai tafi. Na san ba barazana ba ce, na ga an yi a Ikko. In aka ce Yaya ne, nauyin ya sauka daga kaina ya koma kansa. Gidana ya tsira. Shi kuwa ba shi da komai sai gonar Jajaye da iyali cike da gida, ga furfura ta fara fito masa.

Uwarku ba ta ɓoye ra'ayinta ba. Tana tankaɗe a tsakar gida ta ce:

"Malam, kai ka rufe?"

"A'a."

"Kai ka ce a rufe?"

"A'a."

"To gidan yaran nan za ka ba da saboda mutumin da har yanzu yake cewa shi ya yi daidai? Ko sannu bai ce maka ba."

"Rabi, in an ɗaure shi, wa zai riƙe gidansa?"

"Kai mana. Da ma wa ke riƙe da shi?"

Gaskiya ta faɗa. Na tafi wajen dangin da Baffa Iro ya ce sun cika gari. Sun zo kuwa, ba wanda bai zo ba. Zaurena ya cika har waje, aka sha fura, aka yi addu'a mai tsawo, Baffa da kansa ya ja ta. Wani ya kawo zakara, wani damin dawa. Da aka shafa, Baffa ya matso ya ce mini a hankali, ai da na ji maganarsa ban kawo Nasara cikin lamarin gida ba, da duk haka ba ta faru ba. Na ciyar da masu jaje har abin da suka ci ya fi abin da suka kawo. Inna kuwa ta jira sai da kowa ya watse. Ta kira ni ɗakinta, ta kwance ƙullin da take ajiye awarwaronta na azurfa, ta tura mini.

"Ba zai kai ko'ina ba, na sani. Amma kar ka bari a sa wa yayanka ankwa ina da rai."

Na mayar mata da abinta na ce ta bar mini.

Na koma Kano wajen Lasisi. Yana zaune a ƙofar ɗakinsa da sanda. Muka gaisa da Yarbanci, na fara kewaye-kewaye, ya katse ni.

"Alhaji, ba sai ka wahala ba. Mutum yana ta kirana in bar wajen inuwa saboda rana, ka ce ban san wanda ya rufe ba? Ni ma ina da wa a Ilori, da shi ne da abin da zai yi ke nan. Ba na son a ɗaure kowa. Amma dubi ƙafar nan, ka dubi yaran can. Me za su ci?"

Na ce masa ba ni da abin da zai riƙe shi har tsufa sai abu ɗaya. Ya ce in dai kamfani ya yarda a yi sulhu, shi ya yarda.

Aka sa rana a zauren dagacin Rogo. Kamfani ya turo wani Bature matashi da tafinta, ga dattawan gari, ga Lasisi an kawo shi a mota, ga Yaya ya sha babbar riga ya zauna a gaba kamar shi aka zo karramawa. Bature ya tambayi gidan na wane ne, na ce nawa. Ya tambaya ta bakin tafinta, wa ya rufe rijiyar. Ban ankara ba sai na ga Yaya ya gyara murya ya ɗaga hannu. Wallahi alfahari zai yi. So yake dattawa su ji irin dabarar da ya yi, yadda ya jera karan, yadda ya share yashin.

"Ranka ya daɗe, ai wannan aiki ni na..."

"Yaya, yi shiru!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun muna yara. Ya juyo yana kallona baki buɗe.

"Ni kake ce wa in yi shiru, Ɗanlami? A gaban mutane?"

"Gidana ne, ba naka ba. Ba a tambaye ka ba."

Na juya wajen Bature na yi masa magana da Turanci, don kada tafinta ya tsaya jiran Yaya. Ban yi ƙarya ba. Na ce an rufe ramin a gidana, a ƙarƙashin ikona, duk abin da aka yi a ciki ni ke ɗauke da shi, kuma na ba wanda ya ji ciwo gidan gaba ɗaya da shagunansa, in ya karɓa magana ta ƙare. Bature ya dubi Lasisi, Lasisi ya ce ya karɓa, ba ya neman kowa da komai. Bature ya dubi Yaya ya daɗe, ya dube ni, ya rufe takardunsa. Ina jin ya gane. Dagaci ya sa albarka, aka shafa fatiha, daga baya hakimi ya amince.

Abin da mutanen zauren suka gani dabam ne. Sun ga ƙani ya tsawata wa wansa a bainar jama'a, ya yi yaren Nasara da Nasara, ya tashi ba gida. Kafin la'asar labari ya kai Ƙaraye cewa na yi caca da kamfani an cinye ni. Yaya ya yi fushi da ni har aka yi sallah biyu bai taka gidana ba, sai da Inna ta sa ni na je Jajaye na durƙusa na ba shi haƙuri. Ni na ba shi haƙuri, ku ji da kyau. Ya karɓa da ƙyar, ya kuma yi mini nasiha a kan girmama na gaba. Na so in gaya masa abin da na tare masa, sai na ga in ya sani dole ya zauna da nauyin gidan nan har mutuwarsa, ko kuwa ya ƙi yarda mu sake sabon faɗa. Na san Yaya, na biyun zai yi. Uwarku ta yi wata guda ba ta ce mini komai ba sai ga abinci. Amma ko sau ɗaya ba ta fitar da maganar waje ba, har ta koma ga Allah, duk da ana yi mata gori a gidan biki.

Lasisi ya kwaso iyalinsa ya dawo Rogo. Abu na farko da ya yi, ya sa aka ɗaure bakin rijiyar da siminti har ƙugu, aka yi mata murfi. Ya zauna lafiya da mutane, Hausarsa ta nuna, 'ya'yansa kun san su, tare kuka yi wasa. Bayan shekaru na biya ta wajensa, muna zaune a kan bakin rijiyar nan muna cin gyaɗa, na tambaye shi ko shi ya sa gidan a inshora, tunda ya san hanya. Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

"Alhaji, gidan ƙasa? Kamfani ba ya karɓar ginin ƙasa da azara. Tun gidanka na farko a Ƙaraye na san ba za a yi ba."

"To me ya kawo ka Rogo?"

"Kunya. Na ci kajin Hajiya, na sha furarta, sai in ce maka a'a tun ranar farko? Na ce bari in zaga duka, in auna, in ya so in aiko maka da amsa daga Kano."

Na zauna ina kallonsa. Yayana ya ɓoye rijiya don ya taimake ni, baƙo ya auna bangon da ya san ba za a karɓa ba don kada ya kunyata ni, ni kuma ina ƙofar gida ina amsa ina gajiya. Na zaga ƙasashe ban ga inda ladabi ya ci gida sukutum ba sai a nan.

Sauran gidajen na Ƙaraye suna nan, na rushe su ɗaya bayan ɗaya na mayar da su na bulo, kuma da aka fara karɓa na sa su duka a inshora, ban sake tara kowa shawara ba. Za su zo hannunku. In kun ga dama ku ci gaba, in malamanku sun hana ku nemi wata hanyar, amma ku nemi wata, kada ku tsaya ga zakara da damin dawa. Duk wanda ya zo duba gida kuwa, ku shiga tare da shi, ko Sarki ne ke gaishe ku a ƙofa.

Kada ku ɗauki wannan ku kai wa 'ya'yan Yaya. Ubansu ya tafi yana ganin ya yi mini alheri, ku bar musu shi haka. A ciwonsa na ƙarshe na je Jajaye duba shi, ya kama hannuna, muryarsa ta yi ƙasa, na sunkuya ina tsammanin abin da na jira shekara da shekaru ya zo. Ya ce:

"Ɗanlami, na yafe maka abin da ka yi mini a zauren dagaci. Amma ka sani, da karan nan sabo ne, da ya ɗauki akawun nan."

Na ce: "Haka ne, Yaya. Allah ya ba ka lafiya."